Akushin Ɗan Tenhya

A shekarun da nake ba da karatu a ƙauyenmu na ƙasar Falanko, lokacin karatunmu gajere ne. Ana gama ɗaure gero a zuba a rumbu, sai ɗalibai su fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ruwan shuka na faɗuwa, kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma gonar ubansa. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne rabona da su. Ba yara masu allo nake nufi ba, samari ne da suka riga suka sauke, suka zo neman fiƙihu da Larabci. Al'adata kuwa, in bazara ta yi, sai in zauna da kowane ɗalibi da ubansa in faɗa musu inda na ga ya dace yaron ya dosa: wannan ya ci gaba, wannan ya koma gida ya ja wa garinsu salla, wannan ya kama sana'a kada ya ɓata wa kansa shekaru. Ban taɓa yi wa uba daɗin baki a kan ɗansa ba, kuma ina alfahari da wannan har gobe.

Shekarar da aka ce Nasara sun ɗauke mazauninsu daga Damagaram sun koma Yamai, manyan ɗalibai uku gare ni. Akwai ɗan wani manomi na nan kusa da mu, mai haƙuri kamar jakin kai, karatu na shigarsa a hankali amma in ya shiga ba ya fita. Akwai ɗan wani falke daga Damagaram, mai kyan rubutu da yawan surutu. Na ukun shi ne wanda nake son ba da labarinsa.

Ubansa ne ya kawo shi daga Tenhya a kan raƙumi. Buzu ne dogo, mai ƙarancin magana. Ya gurfanar da raƙumin a ƙofar zaurena, muka gaisa, sannan ya nuna saurayin da ke bayansa.

"Malam, ga shi nan. Shi ya matsa, ba ni ba. Malamin zangonmu ya rasu, yanzu ko gado za mu raba sai mun yi tahiyar kwana biyu neman mai sani. Wai shi zai zama. Na ba shi rani ɗaya. In na dawo na iske ya gama littahin da ka ɗora masa, kuma jikinsa na nan yadda na kawo shi, na yarda ya wuce gaba. In ba haka ba, raƙuma na jiransa, ba zai sake ganin takarda ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a gidana ko kaza ba ta ramewa. Haka na faɗa, da bakina, a gaban mutane.

Saurayin bai fi shekara goma sha takwas ba. A shekarar ne aka naɗa masa rawani, kuma yana riƙe da shi da muhimmanci irin na sabon shiga. Amawalinsa, wato gefen rawanin da ke rufe baki, yana ja shi har bisa hanci, idanu kawai kake gani. In zai yi mini magana sai ya ƙara ja shi sama. Na san haka Buzaye suke, ban kawo komai a raina ba.

Kai, ban taɓa koyar da mai kai irin nasa ba. In na biya masa shafi sau ɗaya, gobe zai kawo mini shi a ka, har da tambayar da ni kaina sai na sunkuya na duba. Cikin kwana ashirin ya zarce ɗan falke, wanda ya riga shi da shekara biyu. Ni kuwa da ma mai son a yabe ni ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Ran kasuwa ina zaune cikin dattawa, ba a tambaye ni ba sai in ce, "Kun ga Buzun nan nawa? Ku sa ido."

To a wurinmu, babu girman da malami zai yi wa ɗalibi da ya wuce ya kira shi su ci a akushi ɗaya. Ni sai da na shekara shida a Damagaram kafin malamina ya ce in sa hannu a nasa, kuma ranar ban taka ƙasa ba don murna. Saboda haka wata rana da azahar, da aka fito da fura, na ce wa ɗan Tenhya ya bar sauran ya matso kusa da ni, daga yau tare za mu riƙa ci. Ya tsaya shiru, ya dubi ƙasa, ya ja amawali. Na ce a raina, dubi yadda farin ciki ya hana shi magana.

Haka muka shiga. Da rana fura, bayan magariba tuwo. Ni mutum ne mai magana lokacin cin abinci, in na ɗauko bayani ba na ajiyewa. Shi kuma sai ya gutsuri loma 'yar mitsitsiya, ya kawar da kai, ya cusa ta ƙarƙashin amawali. Ya yi haka sau biyu ko uku, ya ce alhamdu lillahi, ya janye hannu. In na ce ya ƙara, sai ya ce ya ƙoshi. Na ɗauka ladabi ne, har na riƙa kafa wa sauran misali da shi, ina cewa mai neman ilmi ba ya cika ciki. Ragowar kuwa ba na mayarwa cikin gida, kada uwargida ta ce ba a yaba girkinta ba. Ita kuma tun da ta ji mu biyu ne, ta ninka abin da take zubawa.

Wata biyu muna haka. Daga nan sai karatun ya fara tangal-tangal. Shafin da yake haɗiyewa a dare ɗaya ya koma kwana uku. Zai fara biyawa sai ya tsaya yana kallon takarda kamar bai taɓa ganinta ba. Na ce sanyi ne, na ba shi bargo. Na ce kewar gida ce, na yi masa nasiha. Daga baya na ce bakin mutane ne, tun da ni na yi ta tallarsa a kasuwa, sai na yi masa rubutu, na wanke, na miƙa masa na ce ya shanye a gabana. Ya karɓa, ya juya mini gefe, ya kurɓa da ƙyar. Ko wannan bai sa na farga ba.

Ina da zafin rai, wannan ma ba na musu. Ranar da ya kasa kawo layi huɗu, na ɗaga murya a gaban 'yan'uwansa. Na ce na ɗaga shi ya ɗauki kansa wani abu, na ce wanda aka sa a akushin malam shi ne yanzu ya zama na baya. Ya miƙe zai ɗauko tawada, sai na ga ya dafa bango, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zame ya zauna daɓas. Da na kama hannunsa in tashe shi, yatsuna biyu suka zagaye wuyan hannun har suka haɗu.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ranar kasuwa ce, kuma wani mutumin Tenhya da ya kawo cuku ya biyo gaishe shi. Ya gan shi a kwance. Ba a yi kwana goma ba saƙo ya iso daga uban: in watan gobe ya tsaya ya yi kwana goma, yana nan tafe, a ɗaure wa yaro kayansa. Na ƙirga, kwana arba'in ne ba ƙari. Littafin kuwa da sauran sulusi.

Na shiga gida da hantsi raina a ɓace. Uwargida tana bakin turmi tana sheƙe gero. Na fara zuba mata zance, ina cewa ban san abin da ke cin yaron nan ba, na yi rubutu na yi addu'a. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ajiye faifai.

"Malam, in tambaye ka mana. Ka taɓa ganin bakin yaron nan?"

Na ce wane irin zance ne wannan.

"Wata biyu kana cin tuwo da mutum, ba ka taɓa ganin bakinsa ba. Ni dai na san mutum biyu nake zuba wa, akushi na dawo mini a suɗe. Shi yana ƙarewa, kai kuwa jiya na ga kana kokawa da wuyan rigarka. To wa ke cinyewa?"

Ta ci gaba.

"Matan Buzayen da ke kawo mini nono na tambaya. Sun ce a wurinsu saurayin da aka naɗa wa rawani ba ya buɗe baki ya ci a gaban wanda yake girmamawa, gara ya kwana da yunwa. Cuku da dabinon da ya zo da su yake ci a ɓoye, sun ƙare tun tuni. Kai da kanka, da ka je gidanmu gaisuwa kahin aurenmu, tuwo nawa ka ci a gaban babana?"

Ko loma ban ci ba. Kwana biyu na yi a garinsu, na dawo ina ganin jiri, kuma in da surukina ya matsa mini in ci a gabansa, da na gwammace ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya a tsakar gida, ni da nake warware wa mutane hukuncin azumi da na buɗa-baki, ashe na sa ɗan mutane azumin wata biyu ban sani ba. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na tambaye ta don me ba ta faɗa mini da wuri ba. Ta ce ta yi ta jira in yi shiru ta samu wuri.

Gyaran ma ba sauƙi gare shi ba. In na ce masa ya saki jiki ya ci, na ƙara masa nauyi ne kawai. In na mai da shi cikin sauran, kowa zai ce an kore shi daga akushin malam saboda ya kasa, kuma bayan faɗan da na yi masa shi ma haka zai ɗauka. Na yini ina juya abin. Da la'asar na kira shi, a gaban sauran biyun, na fito da damin takardar da na saya wurin fataken Kano, wadda nake ta adanawa ban yarda kowa ya taɓa ba.

Na ce, "Wanda zai wuce Damagaram ba ya tahiya da littahin aro. Daga gobe za ka kwahe wannan da hannunka, tun daga farko. Mai kwahe littahi ba ya son hayaniya, ga bukkar da ke bayan rumbuna, taka ce. Can za ka yini, can za a kai maka abincinka. Da sahe da la'asar ka zo mu biya."

Ya ɗago ya dube ni. Na daɗe ban ga idanu sun yi magana irin haka ba. Ya gane, na san ya gane, shi ma ya san na sani. Daga ranar har yau ba wanda ya tayar da zancen a tsakaninmu.

Uwargida ta ba da damin gero biyu aka kawo mata akuya mai shayarwa. Fura ta koma dama masa da nono mai yawa, tuwon ma ta rage yaji, don ta ce mutanen daji ba su saba ba. Ita ke ajiye akushi a ƙofar bukka, ta yi gyaran murya ta juya. Rana ta farko na laɓe a bakin zaure kamar ɓarawo ina jira. Can sai ga ta ta fito daga bayan rumbuna, ta hango ni, ta ɗaga akushin sama ta kife shi. Ko ɗigo bai zubo ba. Wallahi ranar da na yi sauka ban ji daɗin da na ji a lokacin nan ba.

Ɗan falke, da yake bakinsa ba ya zama, ya fara raɗa wa ɗan manomi cewa an mai da Buzu bayan gida. Na ji, na kira shi na tambaye shi ko shi an taɓa ba shi takardar Kano ko da warƙa ɗaya. Bai sake ba.

Kafin kwana goma kaifin kan yaron ya dawo. Ya dawo har ya fi da, don yanzu abin da ya karanta da safe yana bi ta hannunsa da rana. Muka riƙa cin babi bayan babi. Ni kuma rigata ta fara sakina, uwargida ta ce ashe maganin mutum biyu ta yi da akuya ɗaya.

A cikin kwanakin nan na sallami sauran biyun. Uban ɗan manomi na ce masa ya ƙara ba ni shi rani ɗaya, daga nan ya isa ya riƙe masallacin garinsu, kuma haka aka yi. Ɗan falke kuwa na faɗa wa ubansa gaskiya, hannunsa ya fi kansa, a kai shi wurin mai gari ya riƙa rubuta masa wasiƙu. Uban ya ɗan ɓata fuska, amma daga baya ya aiko mini da goro.

Ranar da aka ce, da hantsi, sai ga raƙuma uku. Uban ya sauko, bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ce a kira masa ɗansa. Ya kama dantsensa ya matsa, ya dafa kafaɗarsa, ya zagaya shi kamar mai duba raƙumi a kasuwa. Yaron ya murmure, amma kwana arba'in ba su mai da abin da wata biyu suka ci ba.

Ya ce, "Ba haka na kawo shi ba. Gobe mu tashi."

Na haɗiye abin da ya taso mini, na roƙe shi ya zauna ya ji karatu tukuna, tun da na riga na tara malaman garuruwan kusa. Ya zauna a bakin zaure da mutanensa biyu. Yaron ya fito da littafin da ya kwafe da hannunsa, ya karanta babin ƙarshe, ya fassara da Hausa. Malamai suka yi masa tambayoyi, wani tsoho daga cikinsu har da na mugunta, ya amsa duka ba tare da ya ɗaga murya ba. Sannan na ce masa ya buɗe babin gado ya yi wa ubansa bayani da Buzanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga mutanen nan biyu sun gyara zama, ɗaya ya jefa tambaya, yaron ya amsa, suka dubi juna. Ni kuwa ina zaune ina kumbura kamar ni na haife shi. Da aka shafa fatiha na matsa kusa da uban, sai ya ce karatu ya yi kyau, amma shi sharaɗi biyu ya kafa.

Azahar ta yi, aka fito da abinci. Da ma mun riga mun shirya da uwargida. Akushin uban aka kai masa shi kaɗai a ɗakin baƙi, aka saki asabari. Mutanensa aka shimfiɗa musu a inuwar bayan zaure. Na yaron aka kai bukkarsa, don wanda ba ya ci a gaban malaminsa ba zai ci a gaban ubansa ba. Ni da ya kamata in zauna in taya baƙo hira, na ce masa bismilla, na juya na shige cikin gida.

Bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi a tsaye wajen raƙumansa.

"Malam, na sha sauka gidajen Hausawa. Kullum sai su kewaye ni suna cewa ci mana, ci mana, in tashi da yunwa. Kai wa ya koya maka?"

Da na so, da na ce a littafi na gani. Amma na faɗa masa komai, tun daga ranar da na kira ɗansa akushina har ranar da ya faɗi, ban rage ba, har da zancen wuyan riga. Na ce ramar da ya gani ba karatu ne ya jawo ta ba, ni ne, kuma matata ce ta gano. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi a cikin rawani. Da ta lafa, ya ja amawalinsa sama, abin da bai yi mini ba ranar da ya fara zuwa.

"Shi malamin na Damagaram da za ka tura shi wurinsa, ya san wannan?"

Na ce bai sani ba, amma zai sani.

"To rubuta masa. In ka rubuta, na bar maka shi."

A nan tsaye na sa aka kawo mini tawada da alƙalami. Malamin da zan rubuta wa shi ne wanda ya koyar da ni, mutumin da na shekara shida ina jiran akushinsa, kuma na san halinsa: yana jin karatun yaron nan, ba zai yi kwana bakwai ba zai ce matso kusa. Ina da abubuwa da yawa da nake ɗokin faɗa masa, irin kan da na aiko masa, da littafin da ya kwafe, da yadda ya tsaya a gaban malamai. Duk na sa su, amma a ƙasa. Bayan sallama da gaisuwa, abin da na fara rubutawa shi ne: Allah ya gafarta Malam, ga ɗalibin da ban taɓa samun kamarsa ba. Don Allah kada ka ci abinci da shi.

Na karanta wa uban, ya sa na maimaita, sannan ya karɓi takardar ya miƙa wa ɗansa da hannunsa.

Ya shekara tara a Damagaram, ya koma Tenhya, yanzu daga nesa ake zuwa wurinsa raba gado. Duk shekara in an gama kaka yakan biyo ya gaishe ni, da furfura a girarsa, da nasa ɗaliban a baya. Har yau ban san kamannin bakinsa ba. In an kawo masa abinci nakan tashi da sandata in ba shi wuri, in je in zauna a bakin zaure, ina jiran tsohuwa ta fito ta kife mini akushi.